Alkawarin Ƙasa a Makarantu: Ba a Ƙwato Shi da Bulala

Kowace safiya ta ranar karatu, kafin a shiga aji, miliyoyin 'yan makaranta a ƙasar nan sukan yi sahu a gaban tuta, su rera taken ƙasa, sa'an nan su ɗauki alkawarin ƙasa, watau su yi wa Nijeriya alkawarin riƙon amana da biyayya da yi mata hidima, da kare haɗin kanta da martabarta, su rufe da roƙon Allah ya taimake su a kan haka. Abin ya riga ya zama jiki, har ba a cika tsayawa a yi tunani a kansa ba. Amma akwai wata tambaya wadda kowane hedimasta da kowane jami'in ilmi zai iya cin karo da ita wata rana. Idan aka sami yaro ɗaya a cikin sahu ya tsaya cikin ladabi amma bai buɗe baki ba, aka tambaye shi dalili ya ce addininsa ko aƙidar gidansu ce ta hana shi furtawa, me ya kamata a yi masa?

Wannan jarida tana ganin cewa tambayoyi biyu ne ake cakuɗawa a nan, kuma ya kamata a raba su. Ta farko ita ce, shin ya dace a ambaci sunan Allah a cikin alkawarin da gwamnati ta tsara wa makarantunta? Ta biyu kuwa ita ce, shin ya dace a tilasta wa yaro furta alkawarin, a hore shi ko a kore shi in ya ƙi? Amsarmu ga ta farko ita ce i, ya dace, a bar shi yadda yake. Amsarmu ga ta biyu ita ce a'a. Kuma a ganinmu amsar farko ce ta haifi ta biyu, domin maganar da aka sa sunan Allah a cikinta ta fi ƙarfin a ƙwato ta daga bakin yaro da bulala.

Alkawarin ƙasa namu bai daɗe ƙwarai ba. Wata malamar jami'a, Felicia Adebola Adedoyin, ita ce ta tsara shi a shekarar 1976, Gwamnatin Soja ta Janar Olusegun Obasanjo kuma ta karɓe shi ta ba da umurni a riƙa karanta shi a makarantu. A wannan shekara ce aka ƙaddamar da shirin ba da ilmin furamare kyauta ga kowa, kuma shekara shida ke nan kacal da ƙare yaƙin basasa. Saboda haka manufar a bayyane take: ana so yaran da suka cika azuzuwa daga kowace kabila da kowane addini su tashi da sanin cewa ƙasa ɗaya ce ta haɗa su. Manufa ce mai kyau, ba wanda zai kushe ta. Amma tun da ba mu ne muka fara wannan al'ada ba, hankali ya nuna mu dubi waɗanda suka riga mu, mu ga inda suka yi tuntuɓe.

Ƙasar da ta fi kowace shan wahalar wannan batu ita ce Amurka. An rubuta alkawarin tutarsu a shekarar 1892, don bikin cika shekara 400 da saukar Kolumbus a wannan nahiya. Wanda ya rubuta shi, Francis Bellamy, ya taɓa riƙe limancin coci, amma duk da haka bai sa sunan Allah a ciki ba. Sannu a hankali jihohi da hukumomin ilmi suka mai da karanta shi da sara wa tuta wajibi a kan kowane ɗalibi. A shekarar 1935, a wani ƙaramin gari mai suna Minersville cikin Jihar Fensilbaniya, aka kori wata yarinya 'yar shekara 12 da ƙanenta ɗan shekara 10 daga makaranta, domin iyayensu Shaidun Jehobah ne, waɗanda suka ɗauki sara wa tuta tamkar bauta wa gunki. Ubansu ya kai ƙara, magana ta yi ta tafiya har Kotun Ƙoli, wadda a shekarar 1940 ta yanke hukunci, alƙalai 8 a kan 1, cewa hukumar makaranta tana da ikon korarsu, domin a cewar kotun haɗin kan ƙasa shi ne tushen tsaronta.

Abin da ya biyo bayan wannan hukunci ya kamata ya zama izina ga duk mai riƙe da iko. Jama'ar gari suka ɗauka cewa kotu ta ba su lasisi. Aka shiga dukan mabiya wannan ɗarika a garuruwa da dama, aka ƙone musu wurin ibada a Jihar Maine, aka yi ta korar 'ya'yansu daga makarantu. A Jihar Birjiniya ta Yamma hukumar ilmi ta kafa doka a shekarar 1942 cewa duk yaron da ya ƙi sara wa tuta za a kore shi, sa'an nan a ɗauke shi a matsayin mai gudun makaranta, iyayensa kuma ana iya cin su tarar dala 50 da ɗaurin kwana 30. Watau gwamnati ce ta kori yaro da hannunta, ta juyo kuma tana hukunta uba don yaronsa ba ya makaranta. Haɗin kan da aka ce ana nema bai samu ba, sai ƙiyayya da ɓarna.

Bayan shekara uku kacal sai kotun ta gane kurenta. Ranar 14 ga Yuni, 1943, wadda ita ce ranar bikin tuta a Amurka, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, Kotun Ƙoli ta soke hukuncinta na baya, alƙalai 6 a kan 3, a shari'ar da aka sani da sunan Barnette. Uku daga cikin alƙalan da suka goyi bayan kora a 1940 suka sake ra'ayi a fili. Mai Shari'a Robert Jackson, wanda ya rubuta hukuncin, ya bayyana cewa babu wani ma'aikacin gwamnati, babba ko ƙarami, da yake da ikon yanke wa jama'a abin da za su yi imani da shi a harkar siyasa ko kishin ƙasa ko addini, balle ya tilasta musu furta shi da baki. Ya kuma yi gargaɗi cewa ƙoƙarin tilasta wa mutane ra'ayi ɗaya ba ya kai wa ko'ina sai ga irin daidaiton da ake samu a maƙabarta. Abin lura shi ne, ƙasar tana cikin yaƙi lokacin da aka yanke wannan hukunci, kuma barin yaran nan su yi shiru bai rage mata ƙarfi ko kaɗan ba.

Duk wannan ya faru ne tun ba a sa sunan Allah a cikin alkawarin ba. Sai a shekarar 1954, lokacin da zaman doya da manja ya tsananta tsakanin Amurka da Tarayyar Sobiyet, Majalisar Dokoki ta ƙara kalmomi biyu masu nufin cewa ƙasar tana ƙarƙashin Allah, don a bambanta ta da ƙasashen kwaminisanci. Shugaba Eisenhower ya sa hannu ranar 14 ga Yuni na wannan shekara. Daga nan sai ƙorafi ya taso ta wani gefen, watau daga waɗanda ba su yi imani da kowane addini ba. Wani likita a Jihar Kalifoniya, Michael Newdow, ya kai ƙara a madadin 'yarsa, kuma a shekarar 2002 wata kotun ɗaukaka ƙara ta yarda da shi cewa kalmomin sun saɓa wa tsarin mulki. Ƙasa ta ɗauki zafi, Majalisar Dattijai ta yi tir da hukuncin da ƙuri'a 99 ba ko ɗaya mai adawa. A shekarar 2004 Kotun Ƙoli ta yi watsi da ƙarar ba tare da ta shiga gundarin maganar ba, bisa dalilin cewa mutumin ba shi da cikakken ikon riƙon yarinyar da zai ba shi damar kai ƙara a madadinta. A shekarar 2010 kuma kotun ɗaukaka ƙarar nan ta sake duba batun, ta ce kalmomin suna iya zama. Ɗaya daga cikin manyan dalilan da kotuna suka dogara da su shi ne, tun 1943 ba a tilasta wa kowane yaro ya furta. Watau 'yancin yin shiru shi ne ya ceci sunan Allah daga gogewa.

Kada a ce wannan dabi'ar Turawa ce kawai. A Indiya, ƙasa mai addinai da harsuna da yawa kamar tamu, an kori yara uku 'yan gida ɗaya daga makaranta a Jihar Kerala a shekarar 1985, domin sukan miƙe tsaye cikin ladabi idan ana rera taken ƙasa amma ba su rerawa. A shekarar 1986 Kotun Ƙolin Indiya ta ba da umurni a mai da su, ta ce tsayuwa cikin ladabi ta isa girmamawa. Haka nan a Filifin, Kotun Ƙoli ta soke tsohon hukuncinta na 1959 a shekarar 1993, ta hana korar ɗalibai a kan irin wannan dalili. Ƙasashe uku ke nan, kowace ta fara da kora, kowace ta ƙare da janyewa. Gani ga wane ya isa wane tsoron Allah.

To, mu dawo gida. Game da tambaya ta farko, ba mu ga dalilin da zai sa a taɓa ambaton Allah a cikin alkawarinmu ba. Gabatarwar Tsarin Mulkin 1999, kamar ta 1979, ta bayyana Nijeriya a matsayin ƙasa ɗaya dunƙulalliya a ƙarƙashin Allah. Gaskiya ne Sashe na 10 ya hana Gwamnatin Tarayya ko ta jiha ɗaukar wani addini a matsayin addinin gwamnati, amma alkawarin bai ambaci wani annabi ko littafi ko ɗarika ba. Musulmi da Kirista da mai bin addinin gargajiya kowa yana iya furta shi da Allahn da ya sani a zuciyarsa. Tsohon taken ƙasa na 1978 da wanda aka dawo da shi a watan Mayu na 2024 duka suna ɗauke da addu'a, kuma jama'ar ƙasar nan, Arewa da Kudu, mutane ne da ba su raba al'amuransu da sunan Allah. Cire shi zai ta da fitinar da babu ita a yanzu.

Game da tambaya ta biyu kuwa, tsarin mulki bai bar mu cikin duhu ba. Sashe na 38 ya ba kowane mutum 'yancin tunani da aƙida da addini, ƙaramin sashe na biyu kuma ya yi magana a kan makarantu musamman, ya hana a tilasta wa ɗalibi karɓar darasin addini ko shiga wata hidimar ibada ta addinin da ba nasa ba, ko wanda iyayensa ba su amince da shi ba. Masu goyon bayan tilastawa sukan kawo Sashe na 24, wanda ya ɗora wa kowane ɗan ƙasa nauyin girmama tuta da taken ƙasa da alkawarin ƙasa. Mun yarda da wannan nauyi ɗari bisa ɗari. Amma kalmar da aka yi amfani da ita ita ce girmamawa. Yaron da ya miƙe tsaye, ya natsu, bai yi wasa ba, bai hana na kusa da shi ba, ya girmama. Sau da yawa ma ya fi girmamawa bisa wanda yake ɗaga murya yana tsunkulin abokinsa.

Bugu da ƙari, dokokinmu sun daɗe da amincewa da wannan ƙa'ida ga manya. Dokar Rantsuwa ta 1963 ta ba wanda aƙidarsa ta hana shi rantsuwa damar ya tabbatar da maganarsa ba tare da rantsuwa ba. Duk wanda ya taɓa zama a kotu ya ga yadda ake tambayar mai shaida ko zai rantse da Alƙur'ani, ko da Littafi Mai Tsarki, ko da ƙarfe, ko kuwa zai tabbatar ne kawai, kuma shaidarsa ba ta raguwa don ya zaɓi na ƙarshe. Idan doka ta yi wa babban mutum wannan rangwame a gaban alƙali, inda rai da dukiya suke rataye a kan maganarsa, da wane dalili za a hana wa yaro ɗan aji uku a filin makaranta?

Akwai kuma dalili na addini, wanda a wurinmu ya fi na doka nauyi. Musulunci ya koyar da cewa ba a tilasta wa mutum imani, kuma aiki yana tafiya ne da niyya. Kiristanci ya yi gargaɗi mai tsanani a kan kiran sunan Allah a banza. Malamin da ya tsaya da bulala a kan yaro har ya furta roƙon Allah alhali zuciyarsa tana ƙin abin da bakinsa yake faɗi, bai ƙara wa ƙasa mai kishi ko ɗaya ba. Abin da ya koya wa yaron, da duk sauran yaran da suke kallo, shi ne cewa ana iya ambaton Allah a kan maganar da ba a nufi ba, muddin hakan zai fid da mutum daga wahala. Wannan shi ne munafunci, kuma shi ne ainihin ciwon da yake cin ƙasar nan. Hausawa sun ce alkawari kaya ne. Kayan da aka ɗora wa mutum da ƙarfi kuwa, da an ba da baya zai yar.

Ya kamata kuma masu rinjaye a kowane wuri su tuna cewa rinjaye ba ya bin mutum duk inda ya je. Wanda yake cikin masu yawa a Kano yana cikin 'yan tsiraru a Fatakwal, haka kuma akasin haka. A watan Yuni na 2022 Kotun Ƙolin Nijeriya ta tabbatar wa ɗalibai mata Musulmi 'yancin sanya hijabi a makarantun Gwamnatin Jihar Legas, bayan shari'ar da ta ɗauki shekaru, kuma Sashe na 38 ɗin nan ne ginshiƙin hukuncin. Jama'a da yawa a Arewa sun yi murna, kuma sun yi daidai. Amma sashen da ya kare hijabin yarinya a Legas shi ne yake kare shirun yaro a Zariya ko Jos. Ba ya yiwuwa mu riƙe shi da hannu biyu idan ya amfane mu, mu yi jifa da shi idan ya amfani wanda ba mu yarda da aƙidarsa ba. Wannan jarida ba ta goyon bayan aƙidar ƙin sara wa tuta, tana ma ganin kuskure ce. Sai dai gyaran aƙida aikin wa'azi ne da hujja, hedimasta ba shi da hurumi a ciki.

Mu a Arewa muna da wani dalili na musamman. Tun lokacin da Lugard ya yi alkawari a Sakkwato a watan Maris na 1903 cewa gwamnati ba za ta tsoma baki cikin addini ba, da lokacin da Ɗan Hausa ya buɗe makarantarsa a Nassarawa ta Kano a 1909, babban abin da ya hana iyaye sakin jiki da makarantar boko shi ne tsoron za a taɓa addinin 'ya'yansu. An ɗauki shekaru masu yawa ana lallashi kafin wannan tsoro ya ragu, kuma har yanzu miliyoyin yara suna wajen aji. Amincewar da aka samu ta ginu ne a kan fahimtar cewa makarantar gwamnati ba ta shiga tsakanin yaro da Ubangijinsa. Duk ranar da aka kori yaro a kan aƙida, ko wace iri ce, an ba masu hana 'ya'yansu karatu hujja a hannu.

Mun san akwai masu fargaba, kuma fargabarsu ba ta banza ba ce. Suna cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma idan aka buɗe wannan ƙofa kowane malalacin yaro zai fake da addini. Suna kuma tuna mana cewa ƙasar nan ta ɗanɗana kuɗarta a hannun ƙungiyoyin da suka fara da ƙin amincewa da hukuma suka ƙare da zub da jini, tun daga rikicin Maitatsine na 1980 har zuwa masifar Boko Haram. Amsar ita ce, akwai bambanci mai girma tsakanin wanda ya yi shiru da wanda ya yi tawaye. Sashe na 45 ya ba gwamnati ikon taƙaita 'yanci don tsaron ƙasa da zaman lafiyar jama'a da kare haƙƙin wasu, saboda haka wanda ya wulaƙanta tuta, ko ya ta da hargitsi a taron safe, ko ya zuga wasu a kan hukuma, doka tana nan tana jiransa. Amma yaron da iyayensa suke biyan haraji, suke bin doka, suka kuma kawo shi makarantar gwamnati da kansu, ba shi ne abokin gaba ba. Korarsa ma ita ce take raba shi da 'yan'uwansa, ta jefa shi inda ba wanda zai koya masa son ƙasa.

Saboda haka muna kira ga Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya da ma'aikatun ilmi na jihohi su fitar da takardar umurni bayyananniya ga dukan makarantu, kada a bar wannan al'amari ga ra'ayin kowane hedimasta. Takardar ta tabbatar da cewa za a ci gaba da karanta alkawarin ƙasa kowace safiya ba tare da an canja kalma ba. Ta wajabta wa kowane ɗalibi halartar taron safe da tsayuwa cikin ladabi. Ta ba iyaye damar rubuto wa makaranta sau ɗaya idan aƙidarsu ta hana ɗansu furtawa, wanda hakan zai toshe kafar masu fakewa. Ta kuma haramta duka da kora da rage maki da tozarta irin wannan yaro a gaban 'yan'uwansa. Kwalejojin horon malamai su sa wannan cikin darasinsu, sufetocin makarantu kuma su lura da yadda ake bi.

Akwai aikin da ya fi wannan duka muhimmanci. Yara da yawa a makarantun furamare suna haddace alkawarin da Turanci ba tare da sun san ma'anar ko jimla ɗaya ba. Kamata ya yi malamai su zauna su fassara musu shi da harshen da suke ji, su bayyana musu mene ne riƙon amana, mene ne hidima, me ya sa kakanninsu suka sha wahala don ƙasar ta zauna ɗaya. Yaron da ya fahimci abin da yake faɗi zai faɗe shi da son ransa.

A ƙarshe muna tuna wa ma'aikatan gwamnati da shugabanni cewa su ma sun yi rantsuwa ranar kama aiki, da yawansu da littafi mai tsarki a hannu, ba kuwa wanda ya tilasta musu. Yaran da suke sahu kowace safiya suna ganin rufin ajinsu da ya yaye, suna ganin malaminsu da ya yi watanni ba albashi, suna kuma jin labarin inda kuɗin ya tafi. Idan manya suka cika nasu alkawarin, ba za a sha wahalar koya wa yara nasu ba. Allah ya ba mu ikon cikawa, amin.